Barde Marar Ubangida: Tarken Fim ɗin Shaihu Umar ta Fuskar Kwatanci da Wani Fim na Japan

1.0 Gabatarwa

Labarin Shaihu Umar yana daga cikin ƙagaggun labaran Hausa 'yan ƙalilan da suka ratsa kafa uku ta isar da adabi, wato rubutun zube da wasan kwaikwayo na dandamali da kuma fim. Duk da wannan gata da ya samu, akasarin nazarin da ake yi masa a makarantu da jami'o'inmu ya fi karkata ne ga jigo guda, wato haƙuri da juriya da irin ɗaukakar da ilimi kan jawo wa mai shi. Babu mai musun cewa wannan jigo yana cikin labarin, kuma shi ne marubucin ya fito da shi fili. Sai dai akwai wani sashe da ba a cika tsayawa a kansa ba, wanda ya shafi dangantakar fada da baradenta, da kuma dangantakar baraden da talakawan da ake hawa dawaki a kai wa hari.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan sashe kamar yadda ya fito a labarin da Adamu Halilu ya mayar fim a shekarar 1976, ta hanyar bin sawun tauraro guda, wato Makau, mijin mahaifiyar Umar. Domin a ga abin sosai, za a jera shi da wani tsohon fim na ƙasar Japan mai suna Ninjo Kami Fusen (1937), wanda Sadao Yamanaka ya shirya. Dalilin ɗauko misali daga nesa haka shi ne, Japanawa sun daɗe da kafa wani rukuni na finafinan tarihi da suke kira jidaigeki, kuma a cikinsa sun yi ta kai-kawo a kan tambayar da mu ma take gabanmu a yau: idan za a ba da labarin zamanin takobi, daga bakin wa za a ji shi, daga bakin mai riƙe da takobin ko daga bakin wanda aka zare wa shi? Ra'ayin da maƙalar za ta kare shi ne, tsarin labarin Shaihu Umar ya tuhumci zamanin hari da bauta fiye da yadda mai ba da labarin ya yarda ya furta da bakinsa, kuma a wannan tazara da ke tsakanin tsari da furuci ƙarfin aikin yake, a nan kuma rauninsa yake.

2.0 Asalin Finafinan Biyu

2.1 Shaihu Umar

Abubakar Tafawa Ɓalewa (1912-1966) ya rubuta Shaihu Umar yana malamin makaranta a Bauci, domin shiga gasar ƙaga labarai da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta R.M. East. An buga shi a 1934, zamani ɗaya da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, sannan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin da harshen Hausa, mai tsawon minti 142, kuma shi Nijeriya ta gabatar a bikin FESTAC na 1977. Daga nan fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekara da shekaru, har aka ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano asalin faifansa a cikin kayan ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na wannan birni a 2018.

Fim ɗin ya bi sawun littafin. Almajirai sun tambayi malaminsu asalinsa, shi kuma ya shiga ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu bai san shi ba, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani na hannun daman sarki. Bayan an dawo daga wani hari, fadawa suka ƙulla wa Makau sharri, aka kore shi daga gari, ya nufi Makarfi. A cikin wannan ruɗani aka sace Umar yana ƙaramin yaro, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya zama bawa, ya ƙare a hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar. Sun sadu a ƙetaren Sahara bayan shekaru masu yawa, ba ta jima ba ta rasu. Ambaton Rabe da aka yi a labarin, wanda ya ci Borno a 1893 aka kuma kashe shi a 1900, ya nuna cewa ƙarshen ƙarni na 19 ake magana.

2.2 Ninjo Kami Fusen

Ma'anar sunan wannan fim ita ce mutuntaka da balan-balan na takarda. An gina shi a kan wani wasan dandamali na Kawatake Mokuami na 1873, kuma an kafa labarin a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, a wani lungu na ɗakunan haya inda matalauta ke zaune. Taurarinsa biyu ne, maƙwabtan juna. Na farko shi ne Unno Matajuro, samurai marar ubangida, wanda kullum yake yawo da wata wasiƙa ta marigayi mahaifinsa, yana neman ya miƙa ta ga wani babban mutum mai suna Mori ko ya sami aiki. Matarsa Otaki ita ke ciyar da gidan da sana'ar haɗa balan-balan na takarda. Na biyu shi ne Shinza, wanzami mai taurin kai, wanda ke buɗe caca a unguwar da wani uban 'yan daba yake ɗauka tasa ce. Domin ya rama wulakancin da aka yi masa, Shinza ya sace 'yar wani attajiri mai karɓar jingina, ya ɓoye ta a ɗakin Unno. An fanshi yarinyar, amma Shinza ya tafi amsa kiran 'yan daba bai dawo ba, Otaki kuma da ta ji irin abin da mijinta ya tsoma hannu a ciki, ta kashe shi ta kashe kanta. Yamanaka, wanda aka haifa a 1909, an ɗauke shi soja a shekarar da fim ɗin ya fito, ya rasu a ƙasar Sin a 1938 yana da shekara 28. Daga cikin finafinai fiye da 20 da ya shirya, 3 ne kawai suka tsira har yau.

3.0 Barde da Samurai

Kafin a shiga kwatanci, ya kamata a fayyace inda waɗannan mutane biyu suka yi tarayya da inda suka saɓa, don kada a ɗora wa wani kayan wani. A zamanin mulkin gidan Tokugawa (1603-1868) an kasa al'ummar Japan gida huɗu: samurai da manoma da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Zama samurai gado ne, kuma abincinsa yana fitowa daga rabon shinkafa da ubangidansa ke yanka masa. Da yake zamanin na zaman lafiya ne mai tsawo, da yawansu sun koma ma'aikatan mulki, wanda kuwa ya rasa ubangida, wato ronin, sai ya zauna da takobi da suna, babu abinci. 'Yan kasuwa, waɗanda aka ajiye a ƙasan jeri, su ne kuɗi ya taru a hannunsu. Ke nan fim ɗin Yamanaka ya faɗo ne a daidai gaɓar da daraja take wuri ɗaya, dukiya take wani wuri.

A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 abin bai kai haka tsauri ba. Mayaƙan fada sun ƙunshi 'ya'ya da bayi, har ma wasu manyan muƙamai, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, bayin sarki ne ke riƙe da su. Barde ba gadon jini ne kaɗai ke yin sa ba. Doki da sulke da riga da matsayi duk daga hannun sarki suke fitowa, kuma hannun da ya bayar yana iya karɓewa. Bugu da ƙari, zamanin ba na zaman lafiya ba ne, domin hari yana daga cikin hanyoyin da fada ke samun dukiya. To, amma duk da wannan bambanci, akwai igiya guda da ta ɗaure barde da samurai, ita ce dogaro ga ubangida. Kowanensu mutum ne mai ban tsoro ga talaka, amma abin tausayi a gaban wanda yake yi wa barance. Ranar da ubangida ya juya masa baya, ranar ce ake gane ko akwai wani abu da ya rage masa wanda yake nasa na kansa.

4.0 Makau da Unno

A nan ne labaran biyu suka fi kusantar juna. Makau da Unno duka mutane ne da fada ta tofar. An kori Makau bisa ƙazafi, shi kuwa Unno ko sauraronsa ba a yi ba, domin Mori kan kauce masa a hanya, daga baya ma aka sa 'yan daba suka lakaɗa masa duka a ƙofar mai jingina, bai zare takobi ba. Dukansu ba su ɗaga murya ga ubangida ba. Makau ya karɓi hukunci ya fita, Unno kuma kullum yana komawa gida ya gaya wa matarsa cewa gobe za a dace.

Sai dai inda kowanensu ya dosa bayan faɗuwa ya bambanta, kuma bambancin yana da ma'ana. Makau ya sami matsuguni a Makarfi, ya sake kafa gida har ya aika a ɗauko masa iyali. Wato al'ummar da Tafawa Ɓalewa ya zana tana da ƙofar fita: wanda fada ta kora yana iya sauya gari, ya sami mai karɓarsa, ya ci gaba da rayuwa. Unno ba shi da wannan ƙofa. Matsayinsa ya hana shi zama talaka sosai, talaucinsa kuma ya hana shi zama samurai sosai. Tun a fitowar farko Yamanaka ya shaida mana ƙarshen irin wannan mutum, domin fim ɗin ya buɗe ne da labarin wani tsohon samurai na wannan lungu da ya rataye kansa, maƙwabta suna ta mamakin abin da ya hana shi mutuwa irin ta samurai, sai aka ji ashe takobin ya riga ya tafi, na gora ne ya rage a kube.

Tambayar da ta fi muhimmanci ga manazarcin Hausa ita ce, mene ne laifin da aka tuhumi Makau da shi? An ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a harin da aka kai wa manoman ƙasar Gwari, wato Gbagyi, bai kawo su gaban sarki ba. Labarin ya nuna ƙarya aka yi masa, don haka mai karatu da mai kallo suke tausaya masa a matsayin mai gaskiya da aka zalunta. Amma idan aka lura, shari'ar da aka yi a fada ta rabon ganima ce. Ba a tambayi Makau don me ya kamo mutane daga gonakinsu ba, an tambaye shi ne nawa ya kamo. Gaskiyar Makau ita ce bai ci amanar sarki ba wajen lissafin kawunan mutane. Wannan kuwa gaskiya ce mai iyaka, wadda ba ta wuce ƙofar fada ba.

Har ila yau, labarin ya ɗora alhakin korar Makau a kan hassadar fadawa, ya bar sarki a matsayin wanda aka ruɗa. Wannan ya yi daidai da karin maganar nan da ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Yamanaka bai yi wa Mori irin wannan sassauci ba. Babu wani bafade da ya shiga tsakaninsa da Unno. Shi da kansa ya san wane ne Unno, ya san alherin da ke tsakanin gidajensu, ya kuma zaɓi ya kau da kai, domin hankalinsa yana kan ƙulla auren 'yar mai jingina da wani babban gida. A fim ɗin Japan ruɓewar daga sama take, a labarin Hausa kuwa an tsayar da ita a tsakiya.

5.0 Muryar Talakawa

Babban abin da ya sa ake jinjina wa Ninjo Kami Fusen shi ne yadda ya mayar da lungun matalauta cibiyar labari. Makaho da mai tallar kifi da mai gidan haya da matan da ke hira a bakin ƙofa, kowane yana da baki da hali. Ba a nuna su a matsayin salihan bayi ba. Zaman makokin tsohon samurai sun mayar da shi shagalin shan giya, mai gidan haya kuma da ya shiga tsakani wajen fansar yarinya, rabin kuɗin ya zuba a aljihunsa. Irin rayuwar da Bahaushe zai ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Shinza ma ba gwarzon kirki ba ne, mai sace 'yar mutane ne, amma shi kaɗai ne a fim ɗin ya dubi mai ƙarfi ido da ido ya ƙi karɓar kuɗinsa. Abin da ake tsammani daga samurai, wato fifita mutunci a kan rai, a wurin wanzami aka same shi. Akira Kurosawa ya sake tayar da wannan magana a Shichinin no Samurai (1954), inda wani ɗan manoma da ya shiga rigar samurai ya fito fili ya gaya wa mayaƙan cewa duk wani mugun hali da suka gani a wurin manoma, ƙone-ƙone da ƙwacen mayaƙa ne suka koya musu shi.

A Shaihu Umar babu Shinza, babu kuma wannan ɗan manoma. Mutanen da aka kai wa hari ba su da suna, ba a bi su an ga inda suka ƙare ba. Sun shigo labarin ne a matsayin adadi da ake gardama a kansa. Wannan gibi ne na gaske, kuma bai kamata son da muke yi wa littafin ya hana mu faɗinsa ba. Sai dai adalci ne a auna shi da tsaransa. Ganɗoki, wanda ya fito a shekara guda da shi, ya ɗauki mayaƙi ya yi masa kirari daga farko har ƙarshe, yaƙi a wurinsa fagen nuna bajinta ne. Idan aka ajiye su gefe da gefe, za a ga cewa Tafawa Ɓalewa ya yi nisa ƙwarai, domin a wurinsa hari ba ya haifar da komai sai ƙazafi da kora da rabuwar iyali.

6.0 Matan Biyu

Inda tsarin Shaihu Umar ya yi maganar da mai ba da labarin bai yi ba, shi ne a kan mahaifiyar Umar. Makau ya hau doki ya raba wasu iyaye da 'ya'yansu. Ba a jima ba, kasuwar da yake kai wa kaya ta haɗiye agolansa, sannan ta haɗiye matarsa. Babu inda Shaihu ya tsaya ya ce wa almajiransa wannan sakamakon wancan ne, amma jerin aukuwar abubuwan ya isa shaida. Matar nan 'ya ce, Musulma, wadda a shari'a babu halin a bautar da ita, kuma bautar da 'ya'ya Musulmi yana daga cikin abubuwan da shugabannin jihadin 1804 suka yi kuka da su. Duk da haka, ƙoƙarinta na nuna cewa ita 'ya ce bai fisshe ta ba. Abin da labarinta ya tabbatar shi ne, da zarar an buɗe kasuwar mutane, ba ta tambayar asali ko addini. Ta wannan hanya wahalar manoman da aka hana su baki ta dawo cikin labarin ta bakin wata, wadda mai karatu ya riga ya sani ya kuma ƙaunata.

Idan aka kwatanta ta da Otaki, za a ga mata biyu da kowace ta ɗauki nauyin da mijinta ya kasa ɗauka. Otaki ba ta da yawan magana. Ta san mijinta ƙarya yake yi mata, a ƙarshe ma ta tarar da wasiƙar nan tana nan a jikinsa ba a karɓa ba. Hukuncin da ta yanke ya fito ne daga ƙa'idar gidan samurai, wadda ta fi mijin riƙo da ita, kuma ƙa'idar ce ta hallaka su duka biyu. Fim ɗin ya rufe da balan-balan guda da iska ta tura cikin kwata. Mahaifiyar Umar kuwa tafiya ta zaɓa. Ta bar gida ita kaɗai, ta ƙi haƙura da ɗanta, ta ƙi kwantar da kai ga waɗanda suka saye ta. Abin lura a nan shi ne, a littafin da ake koyar da shi a matsayin darasin haƙuri, tauraruwar da ta fi kowa taɓa zuciya ita ce wadda ta ƙi haƙura. Umar ya tsira ne saboda ya faɗa hannun ubangida nagari, wanda sa'a ce da ba kowane bawa ke samu ba. Uwarsa ita ce ta nuna abin da ya sami sauran.

7.0 Mai Ba da Labari da Zamaninsa

Me ya sa labarin ya tsaya inda ya tsaya? Amsa ta farko tana cikin zubinsa. Shaihu ne ke magana, dattijo malami a gaban almajirai, kuma duk abin da ya faru ta bakinsa muke jin sa, bayan ya riga ya sassaƙe shi ya mayar da shi wa'azi. Mutumin da ya ga ƙarshen wahalarsa ya zama alheri, ba zai ba da labarinta da ɗaci ba. Fim ɗin 1976 ya riƙe wannan zubi na malami da almajirai, don haka ya gaji natsuwarsa, ya kuma gaji iyakarsa. Sai dai fim yana da wani hali da zube ba shi da shi: abin da alƙalami zai wuce da kalma guda, kamar a ce bayi ko ayari, dole kyamara ta sa masa jiki da fuska. Yamanaka bai sa kowa tsakanin mai kallo da lungun ba, shi ya sa babu mai lallashin mai kallo idan abin ya ƙare.

Amsa ta biyu tana cikin zamanin. A 1934 mulkin Turawa a Arewa a kan sarakuna ya dogara, hukumar da ta buga littafin kuma ta gwamnati ce, littafin kuwa don makarantu aka yi shi. Daɗin daɗawa, bauta ba tsohon labari ba ce a lokacin. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma 'yanta waɗanda za a haifa daga wannan shekara, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Ke nan matashin malami yana rubutu ne a kan ciwon da bai warke ba, a gaban waɗanda suka ji shi da waɗanda suka jawo shi. Cewa shi wannan marubuci ne ya tashi a Majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, ya nuna cewa matsayin talaka a gaban fada ya daɗe yana damunsa. Fim ɗin ma gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, domin bikin nuna alfahari da al'adun gargajiya. Abin sha'awa ne a tuna cewa bikin da ya tara mahaya dawaki a babbar daba ta Kaduna a 1977, shi ne kuma ya gabatar da fim ɗin da ke nuna abin da mahaya dawaki suka aikata. Shi ma Yamanaka ba a sake yake ba, domin a 1937 Japan ta shiga yaƙi da Sin, hukuma tana son a ɗaukaka ruhin samurai, shi kuwa ya nuna samurai da takobin gora.

8.0 Abin da ya Rage ga Masu Shirya Fim

Tun daga Turmin Danya (1990) harkar fim ɗin Hausa ta bunƙasa, kuma ana komawa ga tarihi jefi-jefi. Amma idan aka dubi finafinai irin su Amina (2021) da Mai Martaba (2024), za a ga har yanzu gadon sarauta ne cibiya: wa zai hau, wa zai sauka, wa ya ci amanar wa. Talaka yana nan a matsayin taron da ke kai gaisuwa ko gawar da ke kwance a fagen fama. Darasin da ke cikin aikin Yamanaka shi ne, ana iya ba da labarin zamani sukutum daga lungu guda, ba tare da an shiga fada ko sau ɗaya ba, kuma hakan bai buƙatar dawaki ɗari.

Abin da za a gina irin wannan fim a kansa ba ya ƙaranci. A nan Jalingo, alal misali, garin kansa ya samo asali ne daga sansanin yaƙi da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893, bayan da wani hafsan Faransa, Louis Mizon, ya taimaka masa da bindigogi aka ci garin Kona na Jukunawa a 1892. A yau jikokin waɗanda suka yi sansanin da jikokin waɗanda aka ci da yaƙi kasuwa ɗaya suke ci. Fim ɗin da zai ba da wannan labari daga bakin barde kaɗai zai ɓata wa rabin garin rai, wanda kuma zai mayar da barde dodo marar fuska zai ɓata wa ɗaya rabin. Hanyar da ta rage ita ce wadda finafinan nan biyu suka nuna idan aka haɗa su: a nuna mayaƙi a matsayin mutum mai ubangida da tsoro da iyali, kamar Makau, a kuma ba maƙeri da mai dakan hatsi da manomin da aka kamo suna da baki, kamar mutanen lungun Edo.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Makau da Unno 'yan gida ɗaya ne ta fuskar dogaro ga ubangida, amma labaransu sun rabu a kan wanda aka ɗora wa laifi da wanda aka ba baki. Ninjo Kami Fusen ya fi Shaihu Umar ƙarfin hali wajen tuhumar na sama da kuma sauraron na ƙasa. Shaihu Umar kuwa ya fi shi faɗin fage, domin ya bi sarƙar bauta tun daga gona, ya ratsa da ita ta fada da kasuwar Kano, har ƙetaren Sahara, ya kuma nuna yadda ta juyo ta kama gidan wanda ya taya ƙera ta. Saboda haka ana ba malamai masu koyar da littafin shawara su riƙa tambayar ɗalibai abin da aka tuhumi Makau da shi da abin da ba a tuhume shi da shi ba, su kuma ba labarin uwar muhimmanci daidai da na ɗan. Tun da yake fim ɗin ya dawo hannu bayan an fid da rai da shi, ya kamata sassan koyar da harsunan Nijeriya su nemi hanyar da ɗalibansu za su gan shi, domin a sami damar nazarin littafin da wasan da fim ɗin a jere, a ga abin da kowace kafa ta ƙara da abin da ta rage.